Hutun bazara a jami'ar Amurka: Abin da hotunan Instagram ba sa nuna maka

Idan kana bin shafukan 'yan Najeriya masu karatu a Amurka, ka san irin hotunan da suke ɗorawa: ciyawa kore shar, gine-ginen jan bulo, matashi ya rataya jaka yana murmushi. To daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Agusta jami'o'in can suna hutun bazara, 'yan ƙasa su watse gida, harabar ta yi tsit. Cikin waɗanda ke saura, da yawa baƙi ne irinka.

Me ya hana su dawowa? Na farko kuɗin jirgi. Na biyu biza. A watan Yulin 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar da take bai wa 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Muddin kana cikin ƙasar kana bin ƙa'idar karatunka, ƙarewar bizar da ke fasfo ba ta hana ka zama. Amma da zarar ka fita, sai ka sake bin layi a Abuja ko Legas, kuma babu tabbacin za a ba ka. Shi ya sa wasu ke haƙura da ganin iyaye.

Ga mai bizar ɗalibi ta F-1, bazara lokacin neman kuɗi ce. Ana cikin karatu, awa 20 kacal doka ta yarda ka yi aiki a mako, shi ma a cikin makaranta. A hutu kuwa kana iya yin cikakken aiki, in dai za ka koma aji zango mai zuwa. Aikin fa ba na ƙwalisa ba ne: jera littattafai a laburare, wanke-wanke a kicin, share ɗakunan kwana, zama a teburin karɓar baƙi. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009, kodayake jihohi da dama sun fi haka. Kafin ka buga lissafi da naira ka ce ka haye, cire kuɗin ɗaki da na abinci tukuna.

Ga inda ake faɗawa rami. Wani zai ce maka akwai aiki a gidan mai ko shago a cikin gari, biya hannu da hannu, ba wanda zai sani. Kada ka yarda. Aiki a wajen makaranta ba da izini ba yana iya soke matsayinka na ɗalibi, wahalar shekaru ta tashi a banza. In horon aiki kake so a kamfani, akwai izinin da ake kira CPT, wanda ofishin ɗaliban ƙetare ke rubuta maka a takardar I-20, yawanci bayan ka cika shekara guda kana karatu. Tambaye su kafin ka fara.

Zaman kansa sai da shiri. Ɗakin bazara ba kyauta ba ne, kuma da wuri ake nema. Wuraren cin abinci na rage lokacin buɗewa, wasu su rufe, don haka koyi dafa shinkafa da wake tun kana gida. A jihohin arewa irin su Minnesota da Michigan, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 9 na dare a watan Yuni. Isha ta yi nisa, Asuba ta matso, barci ya ragu. Ga kaɗaici, musamman idan salla ta same ka kai kaɗai, kana kallon hawan sarki ta waya.

To ina ribar? A karatu take. Kwas ɗin da ake yi a mako 15 ana dunƙule shi cikin mako biyar zuwa takwas, aji ba cunkoso, malami ya san sunanka. Duba dai ko tallafinka ya haɗa da kuɗin bazara, don sau da yawa daban ake biya. Wanda ya fi wannan shi ne taya farfesa bincike. Shirin SURF na jami'ar Caltech, misali, mako goma ne kuma da alawus. Wasu shirye-shiryen, kamar REU da gwamnati ke ɗaukar nauyi, na 'yan ƙasa ne da masu katin zama na dindindin, saboda haka karanta sharuɗɗa. Wasiƙar shaida daga malamin da ya ga aikinka wata biyu ita za ta buɗe maka ƙofar digiri na biyu.

Kai da ke gida kana mafarkin tafiya, fara da EducationUSA, masu ba da shawara a Abuja da Legas, ka rabu da 'yan damfarar WhatsApp masu alƙawarin biza. Kai kuma da ka riga ka isa, tun watan Fabrairu ka fara aika wa malamai saƙo kana neman gurbi. Da sanyin safiya ake kama fara.