Abdou Moumouni: ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Jama'ar Birnin Lalle da kewaye, da ƴan uwanmu da ke bin mu daga Kano, Legas, Abijan ko Libiya, yau zancenmu a kan rana ne. Wannan ranar dai da ke korar mu gindin itace a watan Afrilu, akwai wani ɗan jaharmu ta Maraɗi da ya dube ta ya ce dukiya ce.

Sunansa Farfesa Abdou Moumouni Dioffo. An haife shi a Tasawa ranar 26 ga watan Yuni 1929. Ya fara lakwal a Damagaram, ya wuce Yamai, sannan Senegal, daga nan sai Paris, inda a 1956 ya ci babbar jarrabawar malanta ta Faransa a fannin kimiyyar fizik. Ya yi aiki a Mali, ya kafa ɗakin binciken makamashin rana a Bamako. A 1969 ya dawo gida ya riƙe ma'aikatar makamashin rana ta ƙasa, ONERSOL, har zuwa 1985.

To, mi ya yi da ranar? Kowa ya san baƙar tukunya in ta kwana biyu a tsakar gida ba ta taɓuwa da tsakar rana, don baƙin abu yana shan zafi. Sai a shafa wa ƙarfe baƙi, a rufe shi da gilashi: haske ya shiga, zafi ya kasa fita. Da wannan dabara ma'aikatarsa ta ƙera na'urorin ɗumama ruwa, da na tace ruwa, da na shanya abinci. Akwai kuma murhu mai madubi, wanda ke tara hasken wuri guda a gindin tukunya, a yi dahuwa babu icce.

A lura, allon sola da muke cajin salula da shi ba shi ya ƙirƙiro shi ba. Wannan yana maida haske lantarki ne, shi kuwa yawancin aikinsa kan zafin rana ya yi shi. Amma tunanin ɗaya ne: ƙasar da ke sayo man fetur da tsada, daji kuma yana ƙarewa, bai kamata ta bar rana tana zuba a banza ba. Yau ga shi famfon sola na fiddo ruwa, firij ɗin sola na adana allurar rigakafi a likitar ƙauye, inda in zafi ya buge ta, ta lalace kafin ta kai ga yaro.

Bai tsaya nan ba. A littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka, ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu na gida. Ya shugabanci jami'ar Yamai daga 1979, ya rasu ranar 7 ga Afrilu 1991, kuma jami'ar sunansa take ɗauke da shi yanzu.

Saboda haka, iyaye, yaron nan mai kwance rediyo don ya ga abin da ke ciki, kada a fidda shi lakwal. Ku kuma na waje, in za ku aiko kuɗin allon sola, ku haɗa da na littafi da alƙalami. Allah ya jiƙan Malam Abdou, ya ba mu irinsa a Dakoro.