Shiga Aikin Kamfanin Google Ba Wasa Ba Ne

Duk yaron da ke koyon aikin kwamfuta a unguwar Yaba ta Ikko, har da 'ya'yan 'yan Arewa mazauna Agege da Idi-Araba, in aka tambaye shi inda yake burin aiki, da wuya bai ambaci Google ba. Wannan kamfani Larry Page da Sergey Brin ne suka kafa shi a 1998, hedkwatarsa kuwa tana Mountain View cikin Jihar Kalifoniya ta Amurka. Albashi mai tsoka, ga abinci kyauta a wurin aiki. To amma ƙofar shiga ƙarama ce ƙwarai.

Laszlo Bock, wanda ya daɗe yana shugabancin sashen ma'aikata na kamfanin, ya bayyana cikin littafinsa na 2015 cewa takardun neman aiki sama da miliyan 2 ke zuwa musu kowace shekara, alhali kuwa 'yan dubbai kawai ake ɗauka.

Wanda aka ga takardarsa ta yi, sai a fara tuntuɓarsa ta waya. In ya haye, sai intabiyu na sosai, kowane ɗaya kamar minti 45. A nan ba a tambayar ɗan wane ne kai. Matsala za a ba mutum, a ce ya rubuta umurnin kwamfuta da zai warware ta, yana yi yana faɗin abin da yake tunani. Wanda ya yi shiru ya sami amsa, sau da yawa bai kai wanda ya yi kuskure ya gane da kansa ya gyara ba. Wannan kan wahalar da yaranmu, waɗanda aka tarbiyyantar da su a kan kada su cika baki gaban manya.

A da, akan yi wa masu neman aiki tambayoyi irin na wasa ƙwaƙwalwa, misali ƙwallon golf nawa zai cika jirgin sama. A 2013 Bock ya gaya wa jaridar New York Times cewa ɓata lokaci ne kawai, ba sa nuna wanda zai iya aiki. Haka kuma da can mutum kan yi intabiyu fiye da 10, sai bincikensu ya nuna 4 sun isa.

Abin da ya fi ban sha'awa shi ne, shugaban da mutum zai yi aiki a ƙarƙashinsa ba shi da ikon ɗaukarsa shi kaɗai. Wani kwamiti ne, wanda bai ga mai neman ba, zai karanta rahotannin masu intabiyu ya yanke shawara. Wato dai takardar wani babba ba ta da tasiri irin wanda aka saba gani a nan gida.

Sai dai shiga ba ita ce zama ba. A ranar 20 ga watan Janairun shekarar 2023 ne shugaban kamfanin, Sundar Pichai, ya sanar da sallamar ma'aikata kimanin 12,000, da yawansu ta saƙon imel suka sami labari. Nan Ikko ma an ɗanɗana. Kamfanin Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyinsa ta Afirka a Ikko da Nairobi a 2019, samari suka yi ta rububin shiga, amma a 2024 ya rufe ta Ikko, ya bar ta Nairobi.