Keken da yaronki ke nuna miki a waya: wanne ne zai jure hanyoyinmu?

Idan kina da yaro ɗan shekara goma sha wani abu, na san an taɓa karɓar wayarki da sunan za a duba aikin makaranta, aka dawo miki da ita data ta ƙare, hotunan kekuna sun cika ta. Haka babban yarona ya yi mini wata uku cur, kullum da sabon keken da zai ce "Umma, irin wannan ne zai fito baɗi." Da na kwashi adashi sai na ce bari dai na huta da naci da kuɗin mashin ɗin makaranta. Na ba da saƙo Kano aka kawo wani jan keke mai ƙaton sifirin a tsakiya da giya 21. Ranar da ya iso yaran layinmu kaf sai da suka zo kallo.

Ko damina ɗaya bai ƙarasa ba. Ga nauyi kamar buhun gero, ga ƙara, babu kariyar da za a ɗaura jaka, sannan abin canza giyar ya karye. Mai gyaran keken unguwarmu ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Hajiya, wannan sai dai ki aika inda kika saya." Haushin kuɗina ne ya sa na zauna na bi diddigin kekunan nan, kuma abin da na gano nake so mu tattauna kafin ke ma ki kwashi naki adashin.

Irin keken da yaran ke kallo sunansa keken hawan dutse. A jihar Kalifoniya ta Amurka aka fara shi a shekarun 1970, kuma tun 1996 ake tserensa a gasar Olamfik. A ta Faris a 2024 har wani ɗan Afirka ta Kudu, Alan Hatherly, ya zo na uku. Ana tseren ne a daji, kan duwatsu da saiwoyi da gangare. To ai mu ma a nan ba baƙin duwatsu ba ne. Wanda ya san bayan garin Birnin Kudu, wajen Dutsen Habude da Dutsen Mesa masu zanen mutanen da, ko ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Gwaram, ya san burji da yashi da kwazazzabo. Shi ya sa yaro ke ganin kamar don shi aka ƙera keken. Sai dai ɗan tsere awa ɗaya da rabi yake yi a kai, ya sauka makanikai su karɓa su wanke su gyara. Naki yaron kuwa kullum ne, da jaka, wani lokacin da ƙani a baya, wani lokacin da niƙa.

Abin da ake ta hasashe a kai yanzu shi ne girman taya. Da can inci 26 ne, irin wanda har yau ya fi yawa a kasuwanninmu. Daga baya 'yan tsere suka koma inci 29, saboda babbar taya ta fi haye rami da dutse ba tare da ta cije ba. A 2025 kamfanin taya na Maxxis ya nuna mai inci 32, kamfanin BMC na Siwizalan kuma ya gwada keke mai irinta a wurin gasar duniya a Andora. Tun daga nan ake gardama ko ita ce za ta maye gurbin 29. Ni dai ra'ayina, ko ta maye, ba ruwanki da ita. Ko manyan mutane gajeru suna kukan ta yi musu girma, balle yaro ɗan aji biyu a sakandare. Kuma ranar da ta fashe a hanyar Kantoga ko Basirka, wa zai sayar miki da tiyub ɗinta? Ko inci 29, kafin ki biya ki tambayi mai gyaran da ke kusa da ke ko yana samun tayarsa.

Akwai kuma giyar da ake canzawa da batir ba tare da waya ba, da sirdin da ke sauka ya tashi idan an danna maɓalli, da jikin keke na kabon mai shegen rashin nauyi. Duk ki wuce su. Kabon idan ya tsage mai walda ba shi da abin yi a kai, ƙarfe kuwa ana liƙe shi a bakin kasuwa a hau a tafi. Keke mai batir ma ya fara shigowa, musamman tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, amma ya fi ƙarfin yaro, kuma cajin batirinsa cikin ɗakin da ake kwana ba abin wasa ba ne.

Amma ba duka ne shirme a wurinmu ba. Abu uku na gani da nake fatan su iso mana da gaskiyarsu, ba kwaikwayo ba.

Na farko ya ba ni dariya, domin ya nuna an yi mini wayo. Ashe lokacin da nake alfahari da giya 21, su 'yan tseren tuni sun rage tarkace. Tun 2012 kamfanin SRAM ya fito da tsarin da ke da faranti ɗaya tak a wajen feda maimakon uku, yanzu kusan duk kekunan tseren daji haka suke. Dalilinsu shi ne namu: duk abin da aka ƙara wa keke, an ƙara abin da zai lalace. Sarƙa ba ta yawan zamewa, yaro ba ya ruɗewa da hannu biyu. Idan kika ga keke mai faranti ɗaya a gaba da giya shida ko bakwai a baya, ya ishi duk wani tudu da ke tsakanin gida da makaranta. Ko marar giya ma ba abin rainawa ba ne.

Na biyu taya marar tiyub, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo a ciki. Idan ƙaya ta soke ta, ruwan ya toshe hujin nan take ana cikin tafiya. Duk uwar da ke ba da kuɗin faci sau biyu a mako saboda tsidau ta san darajar wannan. Matsalarsa ita ce ruwan yana bushewa bayan 'yan watanni, a zafin bazararmu kuwa ya fi saurin bushewa, sannan sai da wili na musamman. Hasashena shi ne ruwan zai riga tayar isowa, domin akwai irin wanda ake ɗurawa cikin tiyub na yau da kullum.

Na uku birkin faifai, wanda ke kama wani faifan ƙarfe a tsakiyar wili. Shi ya riga ya iso, kina ganinsa a kekunan gwanjo da sababbin China. Yana kamawa ko cikin ruwa da laka, lokacin da birkin roba ke sulɓi. Iri biyu ne, mai waya da mai mai. Ki zaɓi mai waya, shi ne mai gyaranmu zai iya. Kuma ki ja wa yaro kunne: kada baƙin mai ya taɓa faifan nan. Yaranmu da son shafa wa keke mai ko'ina, digo kaɗan ya isa ya kashe birkin.

A nan zan cire ɗankwalin marubuciya na sa na aikina. Raunukan keke da muka fi gani ba na tsere ba ne. Akwai ƙaramin yaro da aka goya a kariya ƙafarsa ta shige cikin wili. Daga waje sai ki ga ɗan ƙujewa ne a diddige, bayan kwana biyu fatar ta yi baƙi, wani lokacin ma da karaya a ƙarƙashi. Kada ki tsaya shafa man zafi, a kai shi a duba a ranar. Akwai hijabi ko bakin wando da sarƙa ta cafke, kuma kekunan yayin nan tsirara sarƙarsu take, ba kamar Raleigh da Phoenix na iyayenmu masu murfi ba. Sai babbar, wato buguwar kai. Yaron da ya faɗi ya bugi kai, idan ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana ta amai, ko barci ya rinjaye shi ba ya tasuwa da sauƙi, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, asibiti za a nufa ba wurin mai ɗori ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne, duk bidiyon da yaran nan ke kallo babu ɗan tsere ko ɗaya da ba ya sanye da hular kwano, don ba a barinsu shiga fili sai da ita. Sun ga taya, sun ga giya, hular ce kawai ba su gani ba. Ki sa kuɗinta cikin kuɗin keken tun farko, ki ce tare ake sayar da su.

Kuskuren da muke yi mu iyaye kuwa shi ne sayen wanda "zai girma da shi". Keke ba rigar sallah ba ne. Yaro ya tsaya da keken a tsakanin ƙafafunsa, tafin ƙafa biyu a ƙasa, a ga sarari tsakaninsa da ƙarfen sama. Yatsunsa su kai ga birki ba tare da ya saki hannun keken ba. Ga mafi yawan 'yan firamare manya inci 24 ya fi 26 dacewa.

Akwai wani keke da ban ga yaro ko ɗaya yana nuna hotonsa ba, Buffalo, wanda ƙungiyar World Bicycle Relief ta tsara don ƙauyukan ƙasashe irin su Zambiya da Kenya. Ƙarfe ne zalla, kariyarsa na ɗaukar kilo 100, kuma da gangan aka yi shi yadda ƙaramin mai gyara zai iya kwance shi. Da na nuna wa yarona sai ya taɓe baki ya ce na tsofaffi ne.

Mun dai daidaita a tsakiya. Mun sayar da jan keken da asara, na tafi da mai gyaran unguwarmu da kansa ya zaɓo mana ɗan gwanjo inci 26, babu sifirin a tsakiya, giya bakwai, aka ɗaura masa kariya da murfin sarƙa. Ladan da na ba shi bai kai kuɗin abin giyar da ya karye ba. Yaron har yanzu yana nuna mini mai inci 32, na ce masa ya bari sai ya fi babansa tsawo mu sake magana.