Dami Goma na Deontay Wilder

Manoma biyu suna iya kai dami goma-goma na gero gida a kaka ɗaya, kowa ya ji an ce goma. Ranar da aka kwance aka sussuke aka sheƙe ne ake sanin wanda ya yi noma. Ɗaya zangarniyarsa ta yi ido, tsaba ta cika masa buhu. Ɗayan kuwa jan-baki sun riga shi, ko ruwa ya ɗauke da wuri, sai ƙaiƙayi ya tashi da rabin abin. Da wannan ma'auni nake sauraren gardamar da ba ta ƙarewa a kan Deontay Wilder, ɗan damben Amurka na ajin masu nauyi, wanda ya kare kambun WBC har sau 10.

Magoya bayansa suna da hujja mai ƙarfi a baki. Wilder ya karɓi kambun daga hannun Bermane Stiverne a watan Janairun 2015, bai rabu da shi ba sai Fabrairun 2020, lokacin da Tyson Fury ya gama da shi a turmi na bakwai. Shekara biyar ke nan. Sai su ce ai Muhammad Ali ma, daga karɓe kambu a hannun George Foreman a Kinshasa a 1974 zuwa faɗuwarsa a hannun Leon Spinks a 1978, sau 10 ya kare nasa. Lissafin daidai ne, babu ƙarya a ciki. To, a kwance dammunan mu gani.

Na farko-farkon su ne Eric Molina, Johann Duhaupas, Artur Szpilka, Chris Arreola da Gerald Washington. Maza ne, duk wanda ya shiga fili ya tari hannun daman Wilder ya cancanci girmamawa. Amma babu ɗaya a cikinsu da ya taɓa riƙe babban kambun duniya, kuma babu wanda masana suke sawa a sahun gaba a lokacin da aka kara. Molina, wanda ya kai Wilder turmi na tara har ya girgiza shi a na uku, turmi uku kacal ya yi a gaban Anthony Joshua a ƙarshen 2016. Dominic Breazeale, da Wilder ya shimfiɗe a turmin farko a 2019, Joshua ya riga ya gama da shi tun 2016. Stiverne kuwa, da suka sake haɗuwa a 2017, ya kusa shekara biyu bai yi wasa ba, ya zo da jiki a sake, bai ga ƙarshen turmin farko ba. Bakwai ke nan cikin goma, kuma tsabar da ke cikinsu ba ta da yawa.

Sauran ukun ne suke da nauyi, kuma a nan nake rabuwa da masu cewa Wilder holoƙo ne gaba ɗaya. Luis Ortiz, bahagon nan ɗan Kyuba, ba a taɓa cinye shi ba kafin Maris na 2018, kuma manya da yawa ba sa ɗokin haɗuwa da shi. A turmi na bakwai ya jiƙa wa Wilder aiki har ƙafafunsa suka fara rawa. Wilder ya daure, ya farfaɗo, ya gama da shi a na goma. Da suka sake karawa a 2019, duk alƙalai uku Ortiz suke ba rinjaye, sai naushi ɗaya ya yanke magana a turmi na bakwai. Sai Fury a Disambar 2018: Wilder ya kai shi ƙasa a turmi na tara da na sha biyu, aka tashi canjaras, ko da yake mutane da dama sun ga Fury ne ya fi maki. Wanda ya yi waɗannan ba a kiransa zakaran banza.

Ali ma yana da dammunan da ba su da ido. Jean-Pierre Coopman da Richard Dunn ba su fi Molina da komai ba. Bambancin shi ne cikin goman nasa akwai Joe Frazier a Manila a 1975, akwai Ron Lyle, Jimmy Young, Ken Norton da Earnie Shavers. Kuma a lokacin babu wani zakaran ajin masu nauyi a gefe, duk mai neman sarauta ta ƙofar Ali zai bi. A zamanin Wilder kambu huɗu ake ji da su, WBA, WBC, IBF da WBO, ya riƙe ɗaya. Mafi yawan shekararsa ta farko ma Wladimir Klitschko ne ke riƙe da sauran ukun, kuma duniya shi ta sani a matsayin babba. Ba su taɓa haɗuwa ba.

Manomi bai da iko da ruwan sama, wannan kam dole a faɗa. Wilder ya yarda ya je har Mosko a Mayun 2016 ya kara da Alexander Povetkin, ƙwararre mai lambar zinariya ta Olamfik, aka soke wasan saboda an samu haramtaccen maganin meldonium a jikin Povetkin. Ortiz ma a 2017 aka fara tsara haɗuwarsu, gwajin ƙwaya ya ɓata shirin, shi ya sa Stiverne ya shigo. Waɗannan ba laifin Wilder ba ne, kuma masu sukarsa suna yawan tsallake su.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsakanin Maris na 2018 da Yunin 2019. A watannin nan Joshua yana riƙe da kambu uku, Wilder yana da na huɗun, babu wanda aka taɓa cinyewa a cikinsu, dukansu suna kan ganiya. Aka yi ta ciniki kan kuɗi da wurin wasa, kowane ɓangare yana ɗora wa ɗayan laifi, har Andy Ruiz ya kayar da Joshua a New York, maganar ta bi ruwa. Da Wilder ya ci wannan wasa ɗaya, da ya fi masa bakwai ɗin can duka amfani.