An Yafe Kuɗin Fito, Amma Kafso Bai Sauko a Ƙanƙara Ba

A watan Yunin 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan umarnin da ya ɗauke kuɗin fito da harajin VAT na shekara biyu daga sinadaran haɗa magani, ciki har da na magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar kwastam ba ta sanar da fara aiki da shi ba sai a watan Maris na 2025. Wata tara takarda tana yawo tsakanin ofisoshi, mai ciwo a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa yana sayen kafso ɗai-ɗai. Rangwamen alheri ne, amma ba a kan kuɗin fito cutar take ba.

Cutar dala ce. Masana'antunmu na Legas da Ogun suna cura ƙwaya, suna ɗura kafso, amma garin amoxicillin da na ciprofloxacin daga Sin da Indiya yake zuwa, kuma da dala ake biya. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala a hukumance wajen naira 460 take. A 2024 ta haura 1,500. Wanda kuɗin sarinsa ya ninka uku, yafe masa ɗan kason kwastam ba zai mayar da shi inda yake ba. Ga ruwan bashin banki, ga dizal ɗin janareta. A cikin wannan hali GSK, mai Augmentin, ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkarsa da kansa a Najeriya, farashin maganin kuwa ya yi tashin gwauron zabi.

Sannan ga takardu. Kafin ganga ɗaya ta bar Apapa sai an buɗe Form M ta banki, an samu izinin NAFDAC, an kawo shaidar gwajin sinadarin daga masana'antar da ta yi shi, kwastam ta fitar da takardar ƙiyasinta. Rangwamen kansa sai kamfanin da ma'aikatar lafiya ta tantance. Duk kwanan da kwantena ta ƙara a tasha kuɗin ajiya ne, kuma a ƙarshe daga aljihun majinyaci yake fita.

Masu kare tsarin suna cewa sassauci a bakin tasha ƙofa ce ga jabu. Suna da hujja: gurɓataccen sinadari ne a maganin haƙorin yara na My Pikin ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009. Ba wanda ya ce a daina gwaji. Jinkirin da ba ya ƙara wa magani inganci ake kuka da shi.

A yankinmu akwai ƙarin haraji da ba ya cikin littafin kwastam. Magani yakan taso daga dilolin Kano, ya biyo ta Funtua ko Malumfashi, sannan ya shiga hanyoyin da 'yan bindiga suka sa direba ya ninka kuɗin mota. Ƙauyen da ma'aikacin asibiti ya gudu, mai kemis ne likita. Uba ya zo da kuɗin kwana biyu, a yanka masa kati, zazzaɓi ya lafa, a daina sha. Haka ƙwayar cuta take koyon bijire wa magani. Binciken da mujallar Lancet ta buga ya nuna cewa wannan bijirewa ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano da Katsina a 2023 ta tuna mana cewa penicillin da erythromycin ba kayan alatu ba ne.

Abin yi a fili yake. A mayar da rangwamen doka mai ɗorewa, a haɗa NAFDAC da kwastam a kan teburi ɗaya da wa'adin sakin kaya, a tilasta wa kamfanin da ya ci rangwame bayyana farashinsa. Gwamnatin Katsina kuma ta riƙa sari kai tsaye daga masana'anta tana kai wa asibitocin ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Muddin ba mu fara haɗa sinadarin a gida ba, kasuwar canji ce za ta ci gaba da yanke wa talaka kwanakin shan maganinsa.