Rubutun da Ya Yi Ɓatan Dabo

Ana saura mako guda jarrabawa, wata ɗalibar aji biyu a sashen harhaɗa magunguna ta tura wa zauren WhatsApp na 'yan ajinsu takardar darasin da ta sha wahala a kanta. Tun farkon zango take bin ta a kwamfutar hannu da alƙalamin allo: jan layi a ƙarƙashin duk abin da malam ya nanata, rawaya a kan sunayen magunguna, ga ƙarin bayani cunkushe a gefen shafuka. Ba a jima ba saƙo ya shigo: "Ke, ai wadda malam ya ba mu ce, ko ɗigo babu a ciki."

Ta buɗe tata, komai yana nan daram. Da farko sabis aka ɗora wa laifi, domin a ɗakin kwanan ɗalibai shi ke shan zargin komai. Ta fito fili inda ya fi ƙarfi, ta sake turawa. Shafuka suka isa fes, kamar hannu bai taɓa su ba.

Abokiyar ɗakinta mai karatun kimiyyar kwamfuta ce ta hango abin da kowa ya tsallake. Nauyin fayil ɗin da aka tura daidai yake da na wanda malam ya raba, alhali rubutun zango guda ba zai rasa nauyi ba.

"Ƙawata, daga ina kika ɗauko shi?"

"Daga inda na sauke shi mana."

Nan ƙullin farko ya kwance. Manhajoji irin su GoodNotes da Notability da Samsung Notes, idan aka shigar musu da PDF, kwafinsa suke yi su adana a nasu rumbun. Duk abin da aka rubuta a kan kwafin yake sauka, na asalin kuwa yana nan yadda ya zo. Shi ta yi ta turawa.

Sai ta fitar da takardar daga cikin manhajar, ta tura a karo na uku. Wasu suka ce sun gani, wasu suka rantse har yanzu wayam. Da ta kai shagon buga takardu, mai shagon ya miƙo mata shafuka babu layi babu bayani. Fayil ɗaya, amma kowa da abin da yake gani.

Amsar tana cikin ginin PDF kansa, wanda kamfanin Adobe ya fito da shi a 1993. Tsarin yana ware abin da mai karatu ya ƙara daga ainihin shafin, tamkar leda mai shara-shara da aka shimfiɗa a kan takarda aka yi rubutu a kanta. Wata manhajar karatun tana nuna ledar, wata ta yi biris da ita. A manhajar Acrobat ma, wajen bugawa akwai zaɓin fitar da takarda zalla ko tare da ƙarin da aka yi mata, kuma kwamfutar shagon a kan na farkon take.

Maganin bai wuce danna wuri ɗaya ba. Wajen fitar da fayil, manhajarta ta ba da hanya biyu: wadda ke barin rubutun a ware don a iya gyara shi gaba, da wadda ke manne shi da shafin ya zama jiki ɗaya. Ta zaɓi ta biyun, kowa ya gani, inji ma ya buga.

Ɗalibi kan zaɓi manhaja don santsin alƙalami da yawan launuka, ya manta da tambayar yadda rubutu zai fita daga cikinta. Xodo da Acrobat Reader a cikin PDF ɗin suke adana ƙarin. OneNote kyauta ce, amma hotunan shafuka take mayar da takardar. Notability ta yi suna wajen haɗa muryar malam da abin da ake rubutawa, sai dai a 2021 ta koma tsarin biyan kuɗi duk shekara. Kafin ka zuba wa kowace manhaja karatun zango guda, rubuta shafi ɗaya, ka tura wa aboki mai wata irin waya, ka kuma buga shi a shago. Wadda ta tsallake wannan gwajin ita ce taka.