Ƙarasa Naushi da Fita daga Runguma a Damben Gargajiya: Nazari daga Ƙasar Gobir

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin abubuwa biyu da ke raba gardama a fagen dambe idan aka haɗa ɗan dambe da wanda ya fi shi jiki, watau yadda ake ƙarasa naushi da kuma yadda ake fita daga runguma. An ɗauki misali da ƙasar Gobir, musamman Sabon Birni da Isa. Abin da ake son nunawa shi ne, tushen abubuwan nan biyu ɗaya ne, domin naushin da ba a ƙarasa da kyau ba shi ke jefa mutum a ƙirjin abokin karawarsa.

2.0 Dambe a Maƙwabtan Kokawa

Kamar yadda aka sani, dambe wasa ne da aka fi danganta shi da mahauta, ana kuma yin sa bayan kaka, da kiɗan kalangu da kirari. Ɗan dambe yakan naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle da zare, shi ne mashi, ya bar ɗayan a buɗe, shi ne garkuwa. Akan yi turmi uku, wanda kuwa hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan.

Gobirawa suna zaune a ɓangarori biyu na iyaka. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, wasunsu sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma aka kafa Sabon Birni. A can ƙetare kokawa ce sarauniyar wasanni, tun ma ba daga 1975 ba, lokacin da aka fara gasar takobi ta ƙasar Nijar, wadda Kantu na Maraɗi ya fara cinyewa. Saboda haka yaron wannan yanki yakan iya kokawa tun kafin a ɗaura masa zare, in an matsa masa kuwa, jikinsa yakan koma ga abin da ya saba, ya kai riƙo.

Bugu da ƙari, damben Turawa ya kasa 'yan wasa aji-aji bisa nauyinsu, amma a fagen gargajiya ba a ɗora kowa a sikeli. Ido da suna su ke haɗa wasa. Don haka marar jiki ba shi da abin dogaro sai dabara.

3.0 Ƙarasa Naushi

Ɗan damben Turawa yakan jera naushi uku ko huɗu da hannu biyu. Namu ɗan damben hannu ɗaya ke gare shi na bugu, saboda haka jerinsa ya ƙunshi garkuwa da ƙafa da mashi. Garkuwa ta tsokana, ta rufe wa abokin karawa ido ko ta danne tasa garkuwar, ƙafa ta matso, sa'an nan mashi ya tashi. Da yawa daga cikin matasa a nan suke tsayawa, alhali kuwa akwai mataki na huɗu, shi ne ficewa.

Dalili shi ne, mashi daga baya yake tasowa, yana kuma jan jiki gaba ɗaya ya bi shi. In ya samu, to madalla. In ya kuskure, kafaɗa ta juya, nauyi ya koma kan ƙafar gaba, haɓa ta zama a fili. Ga abubuwa uku da ya kamata a kiyaye:

(a) Kada a saki mashi sai abokin karawa ya ɗaga ƙafa, domin ƙato ma ba shi da gindi a daidai lokacin da yake sauya taku.

(b) Da an saki, a goce zuwa gefen garkuwarsa, nesa da mashinsa. In bahago ne, sai a sauya gefe. Komawa baya kai tsaye kuwa bin hanyar naushinsa ne.

(c) Garkuwa ta koma tsakani tun mashi bai gama dawowa ba.

Matasa sukan ɗauki gocewa a matsayin tsoro, musamman in makaɗa sun wasa su. Sai a tuna musu da cewa ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.

4.0 Fita daga Runguma

Mai jiki yana son runguma domin a nan ne nauyinsa ke yi masa aiki. Yakan kwanta a kan ƙarami har ƙafafunsa su mutu, kuma sau da yawa gardama takan tashi a kan ko naushi ne ya kai mutum ƙasa ko turi. Amma akwai abin da ya bambanta rungumar dambe da ta kokawa: hannun da aka naɗe ba ya riƙo. Kowannensu hannu ɗaya ke gare shi na kamu, kome girmansa. Wasan duka yana ga inda aka sa wannan hannun.

Wurin da ya dace da garkuwa shi ne damtsen mashin abokin karawa ko gwiwar hannunsa, don a hana shi ɗagawa. Wanda ya kai ta wuya ko ƙugu, irin na 'yan kokawa, ya bar mashi a sake. Kai kuma a manna shi a kafaɗarsa, kada a sunkuyar, domin wanda ya sunkuya ya ba da ƙeyarsa a danne. A ware ƙafafu, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a ja ƙugu baya. Kada a yi gasar turi da wanda ya fi ƙarfi. In ya turo, sai a kafa ƙafa ɗaya a juya kamar ƙyaure, nauyinsa ya wuce da shi.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne na rabuwa, ko da alƙalin wasa ne ya raba, domin a nan ne mutum kan saki jiki. A fita da garkuwa a miƙe, ido kuma a kan mashi. Ko a damben Turawa an ga amfanin sarrafa runguma a Kinshasa a 1974, inda Muhammad Ali ya yi ta riƙe George Foreman yana gajiyar da shi, har ya kayar da shi a turmi na takwas.

5.0 Kammalawa

An ga cewa wanda ya iya ficewa bayan naushi ba safai yake shiga runguma ba, in ya shiga kuwa, hannun garkuwa ne zai fid da shi. Waƙoƙin Ɗan Anace sun adana mana sunayen Shago da Ɗandunawa, amma dabarun nan suna bakin tsofaffin 'yan dambe ne kurum. Hare-haren 'yan bindiga da suka tsananta a Sabon Birni da Isa daga 2019 sun tarwatsa ƙauyuka da dama, fagen da yara ke koyo da ido kuma sai da zaman lafiya yake cika. Ina ba da shawara ga sassan Hausa da na wasannin motsa jiki a kwalejojinmu su haɗa kai su ɗauki bayanin waɗannan tsofaffi tun suna raye, domin yaron da ya shiga fage ba tare da wannan sani ba, lafiyarsa ya sa a caca.